DAGA GRA TA MAIDUGURI ZUWA TSIBIRIN TABKIN CADI: YADDA AKA SAUKE MU DA TSAKAR DARE

Kowane ɗayanmu mazauna Kurmi yana tune da ranar da ya fara sauka. Wani a tashar jirgin ƙasa ta Ido ya sauka bayan ya kwana biyu a kan benci, wani a Mil 12 ya diro daga kan buhunan albasa, wani kuwa a Sabo ta Badun ko ta Shagamu aka ajiye shi da asuba, ga yunwa ga barci, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Yarabanci. Abin da ba ya mantuwa a irin wannan rana shi ne mutumin da ya fara ce maka sannu da zuwa, ya miƙo maka ruwa.

Abin da ya sa na kawo wannan magana shi ne wani abu da ya faru kwanan baya a masallacin unguwarmu a Agege. Bayan an idar da sallar lisha sai muka ga wani saurayi a rakuɓe a bakin ƙofa, da 'yar jakarsa a goye, ƙafafunsa sun yi futu-futu. Ya ce daga Barno ya fito, kwanansa uku a bayan babbar mota, kuma lambar wayar ɗan garinsu da aka ba shi ba ta shiga. Nan fa gardama ta kaure. Waɗansu suka ce a bar shi ya kwana, waɗansu suka ce zamani ya sake, ba wanda ya san abin da ke cikin jakarsa. Ina sauraronsu sai na tuna da wani dare cikin watan Janairu na 2005, ranar da ni ma na tsaya a ƙofar wani mutum da jaka a baya, a wani tsibiri na Tabkin Cadi, ba wanda ya san ni ko ya san ubana.

ABIN DA YA KAI NI BARNO

Ni mutumin ƙasar Haɗeja ne. Ƙanena ya tafi tabki kamun kifi tun 1998, ya shekara bakwai ba wasiƙa ba saƙo, sai dai jita-jitar masu zuwa da komowa. Da jikin tsohuwarmu ya yi nauyi sai ta aiko mini Ikko, ta ce ba ta son ta rufe ido ba ta ga autanta ba. Na bar rumfata a hannun yaro, na kama hanya.

A Maiduguri wani tsohon abokin karatuna, ma'aikacin gwamnati, ya kama mini ɗaki a wani ƙaramin masauki a GRA. Wanda bai san garin ba, GRA ita ce unguwar da Turawan mulki suka keɓe wa kansu, daga baya ta zama ta manyan ma'aikata. Tituna ne masu faɗi, itatuwan darbejiya sun yi musu rumfa hagu da dama, gidaje kowanne da filinsa, shiru kamar ba kowa. Garin kansa ba tsoho ba ne in an gwada shi da Kano ko Katsina. A 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya taso ya zauna a Yarwa, kusa da barikin da Turawa suka kafa a Maifoni, sa'an nan gari ya yi ta bunƙasa har jirgin ƙasa ya iso shi a 1964, ya zama babban birnin Jihar Arewa maso Gabas a 1967, kana na Jihar Barno a 1976.

A wannan masauki akwai famfo, akwai fanka, akwai gado mai katifa da farin zane, an kuma rubuta kuɗin ɗaki a allo. Ka biya, a ba ka makulli, ba mai tambayarka ɗan wane ne kai. Ku riƙe wannan, domin masaukin da na kwana a cikinsa washegari ya sha bamban da shi.

BATUREN DA YA GOYA GIDANSA

Da daddare ina shan shayi a farfajiya sai ga wani saurayin Bature, Bajamushe, dogo siriri, rana ta ƙone masa hanci. Irin 'yan yawon buɗe idon nan ne da ba su da mota ba su da ɗan dako, sai wata shirgegiyar jakar goyo wadda ta ɗara kansa tsawo. A cikinta akwai tufafinsa, da bargonsa, da gidan sauro, da 'yar tukunya, da magunguna, watau dai gidansa sukutum ya goya. Muka taɓa hira da Turanci. Da ya ji tabki za ni sai ya roƙe ni mu tafi tare.

Na tambaye shi abin da zai kai shi. Ya ce wani mutumin ƙasarsu ne, Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim. Wannan Overweg shi ne Baturen da ya fara shiga tabkin da jirgi. Daga Tarabulus aka ɗauko jirgin gunduwa-gunduwa a kan raƙuma, aka ƙetare Sahara da shi, aka harhaɗa shi a bakin ruwa a 1851, zamanin Shehu Umar na Kukawa. Ya yi makonni yana zaga tsibiran Buduma, su ne suka sauke shi suka ciyar da shi. Zazzaɓi ya kashe shi a ƙauyen Maduwari cikin watan Satumba na 1852, yana da shekara 30 da haihuwa.

Ba shi kaɗai tabkin ya wahalar ba. Wani sojan Ingila, Boyd Alexander, ya zo da jirage biyu na ƙarfe, ya yi watanni a 1905 yana fama da ciyawa da taɓo kafin ya sami hanyar fita zuwa bakin Kogin Shari. Ƙanensa Claud ya riga ya mutu a Maifoni tun 1904. Shi ma da aka kashe shi a ƙasar Wadai a 1910, nan Maifoni aka kawo shi aka binne kusa da ɗan'uwansa, a wurin da yanzu garin Maiduguri ya haɗiye. Na ce wa abokina, to, ban da Barth, duk waɗanda ka ambata a nan ƙasar aka binne su. Ya yi dariya ya ce ai shi yana da ƙwayar maganin zazzaɓi.

HANYAR BAGA

Da asuba muka bar GRA zuwa tashar Baga. Motar fijo ce, ba ta cika ba sai wajen ƙarfe tara, kuma sai da aka yi ciniki a kan jakar Baturen kamar ita ma fasinja ce. Daga Maiduguri zuwa Baga kusan kilomita 200 ne, ta Gajiganna da Gajiram da Monguno da Kauwa. Tafiyar da ya kamata a yi cikin awa uku ko huɗu, mu sai da ta ci mana yini. Taya ta fashe bayan mun wuce Gajiram, safayar ita ma ba iska. Ga shingaye a hanya, kowanne sai an sauke jakar an zazzage, an jujjuya fasfo. Hazo ya rufe sama, ƙura ta shige mana hanci da baki, leɓɓanmu suka tsattsage.

Da muka kusa Baga sai Baturen ya fara leƙe ta taga yana neman ruwa. Babu. Sai gonakin wake da masara iyakar ganinka. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya ce lokacin da ya fara zuwa yana saurayi, duk nan jirgi ke bi. Gaskiyarsa ne. A 1963 faɗin tabkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Da farin 1973 ya zo sai ruwan ya rabu biyu, kudu da arewa, kuma bayan farin 1984 abin da ya rage na sararin ruwa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Dalili kuwa shi ne tabkin ba shi da zurfi, faffaɗan faranti ne, kuma kusan kashi tara cikin goma na ruwan da ke shigarsa daga kogunan Shari da Lagon yake, waɗanda ke tasowa daga can kudu, wajen Afirka ta Tsakiya da Kamaru. In damina ta gaza a can, a nan ruwa sai ya ja da baya tafiyar yini. Ta wajenmu kuwa Kogin Yobe ne ke kawo nasa ɗan taimako, watau ruwan Haɗeja da na Jama'are, wanda shi ma ya ragu bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992. Daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo, yana zuwa yana komawa, amma bai koma yadda dattijon nan ya san shi ba.

Abin mamaki, janyewar ruwan ita ce ta ƙara jawo mutane. Ƙasar da ya bari baƙa ce mai albarka, ba ta son taki. Kifi kuma ya taru a ƙananan ruwaye. Sai Kabawa daga Argungu, da mutanen Yawuri, da Haɗejawa, da Jukunawa, har da mutanen Mali suka yi ta kwarara, suka tarar da Barebari da Buduma da Kanumbu da Shuwa. Suka yi ta bin ruwa suna kafa tunga har suka ƙetare iyaka ba su sani ba. Wannan ne ya haddasa faɗa tsakanin sojan Nijeriya da na Cadi a kan tsibirai a 1983, shi ne kuma ya sa bayan hukuncin Kotun Duniya na watan Oktoba 2002, Nijeriya ta miƙa wa Kamaru Darak da ƙauyuka fiye da 30 a watan Disamba 2003. Bandar da muke saya a kasuwannin Ikko da Badun da Anaca da Inugu, tarwaɗa da ƙarfasa da bargi, mafi yawanta a zamanin daga nan ta fito, ta bi ta Doron Baga da kasuwar kifi ta Maiduguri.

CIKIN RUWA

La'asar sakaliya muka isa kwata a kan babura. Na yi ta tambayar sunan ƙanena har wani mai ɗaure kwalaye ya ce ya san shi, amma ya bar wajen nan, in je wani tsibiri, irin waɗanda suke kira tumbu, in nemi mai masaukin wurin, shi ne zai san inda yake. Jirgi ɗaya ya rage mai zuwa can, dogon jirgin katako mai inji, an loda masa jarkokin fetur da buhunan gishiri da gari da kwalaye. Muka ɗare kan kaya. Matuƙin ya ce kafin lisha mun isa.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai zaci tabkin kamar gulbin Ikko yake, ruwa fetal. Ba haka ba ne ta wannan gefen. Lunguna ne tsakanin kacalla da ciyawar da ta fi mutum tsawo, wani wurin faɗinsa bai wuce na jirgin ba. Kowane ɗan lokaci ciyawa ta naɗe farfelar inji, a kashe, yaron jirgi ya zura hannu ya warware. Akwai kuma tsibiran ciyawa masu yawo, waɗanda iska ke turawa. Hanyar da aka bi da safe, kafin yamma sun toshe ta. Rana na faɗuwa muka ci karo da irin wannan. Aka sa gwangwala aka tura, ya ƙi. Matuƙi ya ce duk namiji ya sauka. Muka tuɓe muka shiga ruwa iya ƙirji, cikin sanyin hunturu, muna sara da adda muna ja. Baturen ma ya shigo, haƙoransa na kaɗawa.

Sa'an nan sauro ya fito. Jama'a, na zauna a Ajegunle, na kwana a Fatakwal, amma ban taɓa ganin sauro irin na Cadi ba. Ba kuka yake yi ba, ruri yake. Ka buɗe baki za ka yi magana sai ka haɗiye biyu. Muka ƙudundune cikin jiƙaƙƙun riguna. Can cikin duhu muka ji wani gurnani, yaron jirgi ya ce dorina ce, kowa ya yi shiru. Tun kokon da muka sha a tasha da 'yar gyaɗa a Monguno ba abin da ya shiga cikinmu. Sau biyu matuƙin ya ɓace hanya, ya kashe inji yana sauraro, yana duban taurari ta cikin hazo.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare muka fara jin ƙaurin hayaƙin banda, sa'an nan muka hangi wuta ƙyal-ƙyal. Amma jirgin ya kasa kaiwa gaɓa, ya kafe. Sauran tafiyar da ƙafa muka yi ta cikin taɓo iya cinya. Nan ne jakar abokina ta zame masa jidali. Nauyinta ya rinjaye shi, ya faɗi ta baya, taɓo ya cire masa takalmi ɗaya ya riƙe. Ni da yaron jirgi muka ciccibe shi. Da muka taka busasshiyar ƙasa sai ya zauna daɓas, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Na haska shi da tocila, na ga hawaye yake yi, ba don komai ba sai tsabar gajiya. Ni ma da za a ce in ƙara taku ɗari, da sai dai a ɗauke ni.

SAUKAR DARE

Yaron jirgi ya kai mu bakin wani dannin zana ya yi sallama. Aka jima, sai ga wani tsoho ya fito da fitilar ƙwai, ya lulluɓa da bargo. Ya ɗaga fitilar ya dube ni, ya dubi Baturen da ke tsaye da takalmi ɗaya, taɓo har wuya. Na buɗe baki zan fara bayani, na ce, “Baba, ni daga Ikko nake, na zo ne...” Sai ya ɗaga hannu ya ce, “Bari, ɗana. Ku shigo ku zamna. Magana ta gobe ce.”

Ya kai mu wata doguwar bukka ta kara da zana. A ciki mutum kamar goma na barci a jere, kowa cikin sangensa, fatake ne masu jiran kifi. Ya tashi wani yaro ya kawo mana ruwan zafi a bokiti muka wanke jiki. Ya ba ni wata tsohuwar riga, ya ba Baturen zane ya ɗaura. Ya leƙa cikin gida ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba a daɗe ba sai ga ɗumamen tuwon masara da miyar kuka, da tarwaɗa guda a kai, da shayi mai zafi a kofin silba. Na ci abinci a manyan wurare kafin nan da bayan nan, amma ban san wanda ya kai wannan ɗumame ba. Abokina da bai taɓa sa hannu a tuwo ba, sai da ya suɗe kwanon.

Da ya ɗan dawo hayyacinsa sai ya ciro jakar kuɗinsa, ya ce in tambayi tsohon nawa ne kuɗin kwana. Na fassara. Baba ya yi murmushi ya ce, “Gaya mishi ya mai da. Wanda ruwa ya jefo da dare ba a yi mishi kuɗi.” Ya shimfiɗa mana tabarmi biyu, ya ɗaura mana sange da hannunsa, ya ɗauki jakunkunanmu ya ce za su kwana a ɗakinsa, ba abin da zai taɓa su. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba.

DA GARI YA WAYE

Hantsi ya ɗaga kafin mu farka. An wanke mana tufafi an shanya, har yara sun tono takalmin Baturen daga taɓo. Bayan mun karya, sai Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwa, ya kira mutum biyu daga cikin fataken su zama shaida, ya ce, “To, ɗana, yanzu faɗi. Wane ne kai, ɗan wane ne, me ya kawo ka?” Ya tambaye ni garinmu, da unguwarmu, da sunan mai unguwa. Ya kawo wani Bahaɗeje ya yi mini tambayoyin da in ƙarya nake yi sai an kama ni. Ya sa Baturen ya buɗe jakarsa a gaban kowa, ya fito da komai ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya sa hularsa ya kai mu gaban Bulama, watau mai garin, ya ce ga baƙinsa, ga abin da ya kawo su, kuma duk abin da suka yi a tsibirin nan a tambaye shi.

A nan na fahimci cewa karamcin daren jiya ba sakarci ba ne. Jakunkunan da ya kai ɗakinsa, adana ce, kuma tsaro ne. Tsohon Bakabe ne, ya zo tabki bayan farin 1973, ya fara da taru, da ƙarfi ya ragu ya koma saukar baƙi. Irinsa Barebari ke kira fatoma, watau mai gida. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Falke ya sauka wurinsa, ya ci ya sha, ya ba shi ajiyar kuɗi. Shi zai haɗa shi da masunta, ya tsaya a kan ciniki, ya tsaya wa wanda aka ba bashi, in an ɗaure kwalaye ya sami la'adarsa. Jarinsa duka amana ce. In baƙonsa ya yi sata, sunansa ne ya ɓaci, in kuwa aka cuci baƙonsa, ba mai sake sauka gidansa. Ashe irin tsarin da iyayenmu suka kafa ne a Sabo ta Badun tun 1916, da Agege, da sauran zangon Kurmi, inda masu gida ke saukar fataken shanu da na goro. Hanya ɗaya ce tun daga bakin teku har tsakiyar tabki.

Kwana uku muka yi. Baba ya ba da saƙo ta bakin matuƙan jirage, ran na uku sai ga ƙanena a cikin kwalekwale, ya yi baƙi ya rame, da mata da 'ya'ya biyu waɗanda ba mu san da su ba. Kunyar komowa hannu wofi ce ta riƙe shi shekara bakwai. Alhamdu lillahi, tsohuwa ta gan shi, ta ɗauki jikokinta, kafin Allah ya karɓi abinsa. Shi kuwa Bajamushen ya sami abin da ya zo nema. Ya ga Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, da jiragensu na ciyawa, da shanunsu na Kuri masu kumburarrun ƙahoni suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Ranar da za mu rabu ya ba Baba tocilarsa da wuƙarsa, wannan kam ya karɓa, domin kyauta ce ba biya ba.

ABIN DA YA FARU BAYANMU

Sauran labarin kun san shi. Rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri a watan Yuli 2009. Aka yi ɓarna a Baga a watan Afrilu 2013, sa'an nan ran 3 ga Janairu 2015 'yan bindiga suka ci garin, suka ƙone Doron Baga, mutane suka faɗa ruwa, waɗansu suka ƙetara Cadi, waɗansu suka yi ta daji da ƙafa zuwa Maiduguri. Aka sake kwatanta haka a ƙarshen 2018. Sai a watan Satumba 2020 gwamnatin Barno ta fara mai da mutanen Baga gida. Tsibiran da suka ciyar da rabin ƙasar nan da kifi suka zama maɓoyar masu ɗauke da makamai, cinikin banda ya shekara da shekaru a tsaye, masunta da yawa suka rasa rayukansu a bakin sana'arsu. Ita kanta Maiduguri ba ta gama farfaɗowa ba sai ga ambaliyar madatsar Alau a watan Satumba 2024. Yau ba mai hankalin da zai goya jaka daga GRA ya nufi tsibiran nan don yawon buɗe ido, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada.

Ƙanena da ya koma tabki, ya tsero da iyalinsa a 2014. Shi ya ba ni labarin Baba. A 2015 tsohon ya fito da rigar jikinsa kaɗai, ya iso Maiduguri bayan kwanaki yana tafiya, ya zauna a sansanin 'yan gudun hijira yana bin layin abinci, a can kuma ya rasu. Mutumin da ya shekara talatin yana saukar baƙi, a baƙunci ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce masaukinsa.

MU A NAN KURMI

'Ya'yan irin waɗannan mutane ne ke sauka mana yau a Mil 12 da Alaba Rago da Idi Araba. Da yawansu masunta ne da manoma waɗanda ba su taɓa tunanin barin gida ba. Waɗansu sun kama acaba, aka hana ta a manyan sassan Ikko a 2020 da 2022, suka koma dako da gadi da turin ruwa. Masu cewa a yi hattara ba su yi ƙarya ba, domin mun ga abin da ya isa, kuma laifin mutum ɗaya a nan Kurmi kan shafi kowane mai hula. Amma korar baƙo da dare ba ta maganin wannan. Wanda aka kora daga ƙofar masallaci ƙarƙashin gada zai kwana, inda ba mai tambayarsa, kuma duk wanda ya fara ba shi burodi a can shi ne zai zama ubangidansa.

Abin da na koya wurin Baba tsari ne mai hawa biyu, kuma ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Da dare a ba baƙo ruwa da abinci da wurin kwanciya, a adana masa kayansa. Da safe a zaunar da shi gaban shaidu a tambaye shi, a nemo wanda ya san garinsu, a kai shi gaban Sarkin Hausawa ko wakilinsa a rubuta sunansa, a sami wanda zai tsaya masa. Ya kamata kowace unguwa tamu ta keɓe ɗaki ɗaya da littafi ɗaya domin wannan, ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da na direbobi su riƙa tara abin da za a ciyar da baƙon kwana uku. Ba abu ne da ya fi ƙarfinmu ba, iyayenmu sun yi shi da abin da bai kai namu ba.

Shi yaron nan na masallacinmu, mai shayin bakin titi ne ya raba gardamar. Ya haɗa masa shayi da burodi, ya ce ya kwana a bencinsa, jakar kuwa ladan ya kulle ta a ɗakin tabarmi. Da safe muka kai shi wurin wakilin Sarki, aka buɗe jakar a gaban mutane. Riga biyu ce a ciki, da allo ƙarami, da ƙullin garin kwaki, da wata tsohuwar koma da ya ce ta babansa ce, daga Doron Baga. Kafin la'asar an samo ɗan garinsu a Alaba Rago, ya zo ya tafi da shi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowane baƙo gidansa cikin rufin asiri, amin.